Gonakin inabin Faransa: ƙasa tana nan, yanayi ya yi ƙaura

A ranar 21 ga watan Yulin 2025, wata kotu a garin Châlons-en-Champagne da ke arewa maso gabashin Faransa ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗauri bisa laifin safarar bil'adama, bayan da ta same su da bautar da ma'aikata fiye da 50, akasarinsu ƴan Afirka ta Yamma, a lokacin girbin inabi. Mako biyu bayan haka, gobarar daji ta tashi a yankin Aude na kudancin ƙasar, ta lashe kimanin hekta 16,000, har da gonakin inabi. Kafin watan Agusta ya ƙare kuma, gidan gona na Château Lafleur, wanda giyarsa ke cikin mafi tsada a duniya, ya sanar da cewa ya daina amfani da sunayen Pomerol da Bordeaux a kwalabensa, domin dokokin da ke tattare da sunayen sun hana shi kare gonarsa daga zafi da fari.

Labaran uku sun fito a shafuka daban-daban na jaridun Faransa, amma tushensu ɗaya ne. Shekara kusan 90 ke nan da Faransa ta kafa doka a kan aƙidar cewa ingancin giyar inabi yana fitowa ne daga wurin da aka noma ta, wato daga haɗuwar ƙasa da yanayi da hannun manomi. Ƙasar tana nan yadda take. Yanayin ne ya sauya, kuma doka da kasuwa da ma'aikata duk suna biyan kuɗin wannan sauyi.

Mafi yawan Hausawan Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana ba ruwansu da shan giya, addini ya hana. Duk da haka maganar ta shafe su ta hanya biyu. Ƴan ci-rani daga yammacin Afirka suna cikin masu tsinkar inabin nan, sannan tsarin ɗaure sunan amfanin gona da sunan garinsa, wanda aka ƙirƙiro domin giyar Faransa, shi ne aka aro aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar da barkonon Penja na Kamaru rajista.

Abin da ke cikin ƙwayar inabi

Giyar inabi ruwan ƴaƴan inabi ne da aka matse aka bari ya tsimu. Yis yana cinye sukarin da ke ciki ya mayar da shi barasa, kuma kusan giram 17 na sukari a cikin lita ɗaya ne ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Saboda haka duk abin da za a samu a kwalba, tun daga gona ake ƙaddara shi.

Masana harkar suna duba abu huɗu a jikin ƙwayar inabi. Na farko sukari, wanda ganye ke haɗawa da hasken rana. Na biyu tsami, wanda yake da yawa a ɗanyen inabi kuma yana raguwa yayin da yake nuna. Na uku launi da bauri, irin baurin da ake ji a baki in an tauna goro, waɗanda ke zaune a ɓawo da ƙwallon ciki. Na huɗu ƙamshi. Abin da ake kira inganci shi ne waɗannan huɗun su kai ƙima a lokaci guda, kada ɗaya ya danne sauran.

Matsalar ita ce kowannensu da irin saurinsa. Zafi yana hanzarta taruwar sukari, yana kuma ƙone tsami, amma launi da ƙamshi suna buƙatar lokaci da sanyin dare. Idan shekara ta yi zafi fiye da kima, manomi yakan tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu marasa daɗi. In ya tsinke da wuri domin ya tsira da tsami, ɓawon bai gama nuna ba. In ya jira ɓawon ya nuna, sukari ya yi yawa, giyar ta fito da ƙarfin barasa fiye da yadda masu saye suke so. A yankuna da dama na kudancin Faransa, giyar da a da take tsayawa a kashi 12 cikin ɗari yanzu tana kai 14 ko sama da haka.

Yanayin da kurangar inabi ke so

Akasarin gonakin inabin giya na duniya suna tsakanin layi na 30 da na 50 a arewa da kudancin tsakiyar duniya, inda matsakaicin zafi a watannin noma yake tsakanin maki 12 da 22 a ma'aunin Selsiyos. Kurangar tana son hunturu mai sanyi da za ta zubar da ganye ta huta, sai lokacin toho wanda sanyi ba ya daskarar da raɓa, sai watannin zafi marasa yawan ruwan sama, domin damshi yana jawo cutar fumfuna a ganye da ƴaƴa.

Kowane iri da gwargwadon zafin da yake buƙata. Pinot noir da Chardonnay suna nuna da wuri, shi ya sa suka zauna a Bourgogne da Champagne masu sanyi. Merlot da Cabernet sauvignon sun dace da Bordeaux. Grenache da Mourvèdre masu jinkirin nuna su ne na gaɓar tekun Bahar Rum. Manoma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna gwaji kafin su daidaita kowane iri da yankinsa, ta yadda zai gama nuna daf da ƙarshen lokacin noma, tsakanin tsakiyar Satumba da farkon Oktoba, sa'ad da dare ya fara sanyi. A nan ne daidaiton sukari da tsami da ƙamshi ya fi samuwa.

Inabi yana iya yi a ƙasashe masu zafi. Ana noma na ci a Kudan kusa da Zariya, da kuma lambunan Timia a tsaunukan Azbin. Sai dai da yake babu hunturun da zai tilasta wa kurangar hutawa, manomi ne ke sa ta sake toho ta hanyar datse rassa da sarrafa ban ruwa. A kwarin kogin São Francisco na Brazil ana girbi har sau biyu a shekara da wannan dabara. Tsarin Faransa kuwa an gina shi ne a kan girbi ɗaya, da ruwan sama, da yanayin da ake zaton ba ya sauyawa.

Ƙasar da manomin hatsi zai raina

Wanda ya saba da noman gero ko masara zai yi mamakin gonakin da suka fi tsada a Faransa. A Médoc da ke yankin Bordeaux, tsakuwa ce zalla. A Champagne, alli ne a ƙarƙashin siririyar ƙasa. A Bourgogne, dutsen farar ƙasa ne gauraye da yumɓu a kan gangare. A Châteauneuf-du-Pape, manyan duwatsun kogi ne suka rufe fuskar gonaki da dama. Fadama mai taki da danshi, wadda kowane manomi ke nema, ita ce masu neman inganci ke gudu.

Dalili shi ne halin kurangar. In ta samu ruwa da taki a wadace, sai ta ba da ƙarfinta ga ganye da rassa, ƴaƴan su yi manya, ruwa ya yi musu yawa, ɗanɗano ya tsinke. In kuwa ta ji ƙishirwa kaɗan bayan ƴaƴa sun ƙulla, sai ta tsayar da girman rassa ta mayar da hankali ga ƴaƴa. Ƙwayar takan fito ƙarama, ɓawonta mai kauri, launi da ƙamshi su taru. Aikin ƙasa mai kyau shi ne ta tsiyayar da ruwa in ya yi yawa, ta kuma riƙe ɗan abin da zai hana kurangar mutuwa in an shiga fari. Alli yana yin wannan aiki kamar soso. Tsakuwa tana tsiyayar da ruwa da sauri, tana kuma riƙe zafin rana ta saki da dare. Yumɓu yana da sanyi, yana sakin ruwa a hankali.

Masu tallar giya suna yawan cewa ana jin ɗanɗanon dutse a cikin kwalba. Masana kimiyyar ƙasa da dama ba su yarda cewa ma'adinan dutse suna shiga giya har a ɗanɗana su ba. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne tasirin ƙasa yana bi ne ta yawan ruwa da sinadarin naitirojin da take bai wa saiwa, da kuma zafin da ke cikinta.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga rikicin yau. Darajar ƙasa ta dogara ne ga ruwan saman da ke sauka a kanta. Tsakuwar da ta yi suna domin tana zubar da ruwa a shekarun damshi, ita ce ke barin kuranga cikin ƙishi mai tsanani a shekarun fari. In ƙishin ya wuce iyaka, ganye yakan rufe ƙofofinsa, nuna ya tsaya cak, ƴaƴa su yanƙwane a kan reshe. Gonar da kakanni suka raina domin tana kallon arewa ko tana da yumɓu mai sanyi, tana iya zama ta fi maƙwabciyarta a yau.

Yadda suna ya zama doka

Faransawa suna kiran haɗuwar ƙasa da yanayi da al'adar noma da kalmar terroir. Kafin ta zama doka sai da aka sha wuya. A shekarun 1860 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cin saiwar inabi a kudancin Faransa, kuma cikin shekaru kusan 30 ya halaka babban kaso na gonakin ƙasar. Maganin da aka samu shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka mai jure ƙwaron. Har yau kusan dukkan kurangun Faransa a kan irin wannan gindi suke.

Ƙarancin giya a wancan lokaci ya buɗe ƙofar algus. Ya kuma sa Turawan mulkin mallaka suka mayar da Aljeriya, ƙasar Musulmi, wata katafariyar gonar inabi da ta kai kusan hekta 400,000 a shekarun 1930, har ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da giya. Ƴan kasuwa suna gauraya giyar wurare daban-daban su sayar da sunan yankunan da suka yi fice. Manoman Languedoc sun yi bore a 1907, na Champagne suka yi nasu a 1911.

Dokar 30 ga Yulin 1935 ce ta kafa tsarin da ake kira AOC, da hukumar da daga baya ta zama INAO. A 1936 aka ba da sunaye na farko, ciki har da Châteauneuf-du-Pape da Arbois da Cassis da Tavel da Monbazillac. Kowane suna yana da kundin sharuɗɗansa: iyakar gonakin da suka cancanta, irin da za a shuka, tazara tsakanin kurangu, yadda za a datse, iyakar abin da za a girba a hekta ɗaya. Ban ruwa haramun ne in ba da izini na musamman ba. A Bourgogne an rarraba gangaren Côte d'Or zuwa ƙananan filaye 1,247, kowanne da sunansa, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2015.

Tsarin ya yi wa manoma rana. Ya kashe algus, ya ɗaga farashin gonaki, ya sa ƙauyuka ƙanana suka yi suna a duniya. A 2024 giya da barasa sun kawo wa Faransa sama da Yuro biliyan 15 daga ƙasashen waje. Amma kundin sharuɗɗan hoto ne na yanayin da ake ciki lokacin da aka rubuta shi.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Garin Beaune na Bourgogne yana da tarihin ranakun fara girbi tun daga shekarar 1354. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 ana fara girbi kwana 13 da wuri, a matsakaici, idan aka kwatanta da ƙarni shida da suka gabata. A Champagne, fara girbi a watan Agusta abu ne da ba a saba gani ba kafin 2003, yanzu kuwa ya zama ruwan dare. Inabin da ke nuna a tsakiyar zafin Agusta ba ya samun sanyin daren da ke riƙe masa tsami da ƙamshi.

Ɗumamar hunturu tana da nata sharrin. Kurangar tana farkawa da wuri, sai sanyin watan Afrilu ya riski tohon ya ƙone shi. Haka ta faru a Afrilun 2021, lokacin da manoma suka kwana suna kunna wuta tsakanin layukan inabi, amfanin shekarar kuma ya zama ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta da ƙasar ta gani. A ranar 28 ga Yunin 2019 zafi ya kai maki 46 a Vérargues da ke yankin Hérault, mafi girma da aka taɓa aunawa a Faransa, ganye da ƴaƴa suka babbake a kan kuranga. A 2024 kuma ruwa ne ya yi yawa, fumfuna ta cinye gonaki.

Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da inabi da giya, OIV, ta ce a 2024 duniya ta samar da kusan lita biliyan 22.6 na giyar inabi, mafi ƙaranci tun 1961. Wani nazari da Farfesa Cornelis van Leeuwen na Bordeaux ya jagoranta, wanda aka buga a 2024, ya yi gargaɗin cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na tsofaffin yankunan inabi da ke gaɓar teku da kwaruruka a Spaniya da Italiya da Girka da kudancin Kalifoniya suna iya ɓacewa kafin ƙarshen wannan ƙarni saboda fari da zafi.

Yayin da kudu ke ƙonewa, arewa na samu. Kudancin Ingila yana da alli irin na Champagne, abin da ya rasa a da shi ne zafi. Yanzu gonakin inabi a can sun haura hekta 4,000, kuma kamfanin Taittinger na Champagne da kansa ya sayi fili a yankin Kent a 2015.

Gyara doka ko fita daga cikinta

Hukumar INAO ta fara sassautawa, amma da taka-tsantsan. A 2021 ta amince wa manoman Bordeaux su gwada sabbin iri shida, ciki har da Touriga nacional da Alvarinho na ƙasar Fotugal da Marselan, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na gona da kashi 10 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalba. An kuma faɗaɗa damar ban ruwa a shekarun fari.

Masu adawa da saurin gyara suna da hujja. Idan kowa zai shuka irin da ya ga dama, ya yi ban ruwa yadda yake so, to sunan Bordeaux ya daina nufin komai, kuma farashin da sunan ke jawowa zai faɗi. Ban ruwa ma yana da nasa rikicin, domin a kudancin Faransa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya yi ƙaranci, birane da masu noman abinci suna jayayya a kansa. Masu neman gyara su ma suna da tasu hujjar. Kuranga tana ɗaukar shekara uku kafin ta fara ba da amfani, tana kuma rayuwa shekara 30 zuwa 40 ko fiye. Wanda ya dasa bana, yanayin shekarar 2060 yake dasa wa, alhali kundin da yake bi an rubuta shi ne da idon ƙarnin da ya wuce.

Ficewar Château Lafleur ta tona wani rashin daidaito. Gona ce da ba ta kai hekta biyar ba, amma sunanta ya fi na yankinta ƙarfi a kasuwa, don haka za ta sayar da giyarta da tsada ko da babu tambarin Pomerol. Ƙaramin manomin da ke kai inabinsa ga ƙungiyar haɗin gwiwa ba shi da wannan gata. Sunan yankin shi ne jarinsa kaɗai. In ya fita ya rasa farashi, in ya zauna dole ya bi dokar da ba ta dace da gonarsa ba kuma.

Kasuwa ta ja baya

Sauyin yanayi ya zo ne daidai lokacin da mashaya ke raguwa. A shekarun 1960 Bafaranshe yana shan sama da lita 100 a shekara a matsakaici, yanzu kusan 40 ne. OIV ta ce abin da duniya ta sha a 2024, kusan lita biliyan 21.4, shi ma shi ne mafi ƙaranci tun 1961. Matasa sun juya wa jar giya mai nauyi baya, wadda ita ce zafi ke ƙara wa nauyi. Kasuwar Sin ta yi sanyi, Amurka kuma ta ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kayan Tarayyar Turai a 2025, har da giya.

Saboda haka gwamnati ta koma biyan manoma su rage. A 2023 ta ware Yuro miliyan 200 domin a mayar da rarar giya barasar masana'antu. A Bordeaux an biya Yuro 6,000 a kan kowace hekta da aka tumɓuke. A ƙarshen 2024 aka buɗe shirin ƙasa baki ɗaya na Yuro miliyan 120, ana biyan Yuro 4,000 a hekta, kimanin sefa miliyan 2.6, kuma manoma sun nemi tumɓuke fiye da hekta 27,000, akasari a kudu.

Gobarar Aude ta nuna abin da ke biyo baya. Gonar inabi mai ɗanyen ganye da tsabtataccen ƙasa tana tare wuta. Inda aka tumɓuke aka bar fili, ciyawa da ƙaya ne ke maye gurbi, su bushe su zama makamashi. Manoma da magadan garuruwan yankin Corbières sun daɗe suna faɗin haka kafin wutar 5 ga Agusta ta tabbatar da maganarsu.

Masu tsinka a ƙarƙashin rana

A Champagne doka ta wajabta tsinkar inabi da hannu, domin kada ƴaƴan su fashe kafin a matse. Gonakin yankin kimanin hekta 34,000 suna buƙatar ma'aikata 100,000 zuwa 120,000 na mako biyu ko uku. Da yake zafi yana sa inabi ya nuna gaba ɗaya cikin ƴan kwanaki, masu gona suna neman hannu da yawa cikin gaggawa, sai su koma ga kamfanonin ƴan kwangila masu kawo ma'aikata. A wannan tsani na kwangila a kan kwangila ne cuta ke ɓuya.

A girbin Satumban 2023, wanda ya zo cikin tsananin zafi, ma'aikata biyar sun mutu a Champagne. A daidai lokacin ne masu binciken ƙwadago suka gano mutum fiye da 50 a wani ruɓaɓɓen gida a ƙauyen Nesle-le-Repons, mafi yawansu ƴan Mali da Muritaniya da Senegal da Kodebuwa marasa takardun zama. An ɗebo su daga birnin Paris da alƙawarin kuɗi, aka zuba su a wurin da babu tsabtataccen banɗaki ko isasshen abinci, suna aiki daga safe har yamma. Shari'arsu ce ta kai ga hukuncin Yulin 2025, kuma ƙungiyar masu sana'ar Champagne ta shiga ƙarar a ɓangaren masu ƙorafi.

Tun daga 1 ga Yulin 2025, wata sabuwar doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata a Faransa su tanadi ruwan sha mai sanyi, su kuma daidaita lokutan aiki in zafi ya tsananta. Sai dai wanda ba shi da takarda ba kasafai yake kai ƙara ba, don tsoron a kore shi. Ga matashin Agadas ko Garwa ko Kumasi da ke jin labarin aikin girbi a Turai, hukuncin Châlons yana da darasi: kotu ta ɗauki ma'aikatan a matsayin waɗanda aka zalunta duk da rashin takardunsu, kuma alƙawarin baki daga ɗan kwangila ba ya maye gurbin rubutacciyar yarjejeniyar aiki.

Daga Pomerol zuwa Galmi

Ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yawunde da ƙasashe 17 ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, ta ɗauko tsarin rajistar sunan wuri daga Turai. A 2013 ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da gahawar Ziama-Macenta ta Gini rajista. Daga baya albasar Violet de Galmi da kilishin Nijar suka samu tasu. A 2022 Tarayyar Turai ma ta amince da sunan barkonon Penja.

Amfanin rajistar a fili yake. Albasar da ke fita daga jihar Tawa zuwa kasuwannin Accra da Kumasi da Abidjan tana da masu kwaikwayon sunanta, kamar yadda giyar Bourgogne ta samu shekara ɗari da suka wuce. Rajista tana bai wa manomin asali hujjar neman farashi mafi kyau. Sharuɗɗan OAPI ba su kai na AOC tsauri ba, amma ginshiƙin ɗaya ne: wannan ƙasa, da wannan yanayi, da wannan iri, su ne ke ba da wannan ɗanɗano.

Albasar Galmi amfanin sanyin hunturu ce da ruwan rijiya. Zumar Oku ta dogara ga furannin itatuwan dajin tsaunin Kilum-Ijim. Barkonon Penja ya dogara ga ƙasar dutse mai aman wuta da ruwan saman yankin Moungo. In hunturu ya gajarta, ko ruwan ƙasa ya yi nisa, ko furanni suka sauya lokaci, ƙungiyoyin manoman za su fuskanci tambayar da Bordeaux ke fama da ita yanzu: a riƙe kundin yadda yake amfanin ya lalace, ko a gyara shi a yi kasadar sunan ya rage daraja.

Bambancin shi ne kundayen Afirka sababbi ne, ba su yi shekara 90 suna taurara ba. Ƙungiyoyin da ke riƙe da su suna da damar sa ƙa'idar sake dubawa lokaci-lokaci, da ba da fili ga gwajin iri da lokacin shuka, da adana bayanan ranakun dashe da girbi da zurfin rijiyoyi kowace shekara. Littattafan Beaune da suka fallasa sauyin kwana 13 ba masana kimiyya ne suka rubuta su ba. Ma'aikatan gari da na coci ne suka riƙa rubuta ranar fara girbi da ladan ƴan ƙwadago, shekara bayan shekara, tun 1354.